Yawon ƙafa a bayan garin Bauchi: ta ina zan fara, me zan duba?

Wani malamin makaranta da ke zaune a Bauchi ya aiko da tambaya. Ya ce yana so ya riƙa fita da 'ya'yansa ranar Asabar, wani lokaci har da ɗalibansa, su taka bayan gari na awa biyu ko uku, su ga duwatsu da wuraren tarihi. Amma duk wanda ya tuntuɓa sai ya ce masa ya tafi Yankari, shi kuwa ba shi da kuɗin mota da na masauki kowane mako. Yana so ya sani: akwai abin gani a kusa? Ta ina zai fara, me zai duba, kuma babu hatsari?

Malam, akwai abin gani, wanda ko Asabar ɗin shekara guda ba za su ishe ka ba. Na koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare na jihar nan shekara ashirin da ɗoriya, kuma yawancin abin da na sani game da ƙasar Bauchi a ƙafa na samo shi, ni da yara, tsakanin sallar asuba da hantsi. Yankari wuri ne mai daraja, tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma ya kamata kowane ɗan jihar nan ya ga ruwan Wikki da rijiyoyin Dukkey ko da sau ɗaya ne. Sai dai can a mota ake zagayawa, da ma'aikacin daji a gefe, saboda giwaye da ɓauna. Abin da kake nema wani abu ne daban, kuma ya fi arha: 'yar tafiya ta kilomita uku zuwa biyar, wadda za a yi a hankali, ana tsayawa ana dubawa.

Ka tuna garin nan sunan mafarauci ya ci. Labarin da aka gada shi ne Malam Yakubu ya tarar da wani maharbi mai suna Baushe a wurin, aka kira garin da sunansa. To, irin tafiyar maharbi nake so ka koya wa yaran. Maharbi ba ya sauri. Yana tafe yana kallon ƙasa, ya ga inda ciyawa ta kwanta, ya ga sawu, ya san abin da ya wuce da lokacin da ya wuce. Mutanen da suka zauna a ƙasar nan kafin mu su ma sun bar sawu, a jikin duwatsu, a gindin itatuwa, a cikin gonaki. Wanda ke cikin mota ba zai gan shi ba.

Ni da zan zaɓa maka, fitar farko ba sai kun bar gari ba. Ku bi ganuwa. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fito daga cikin Gerawa, shi ya kafa birnin a 1809, kuma ganuwar da aka kewaye shi da ita ta haura kilomita 10 a zagaye. Sunayen ƙofofinta suna nan a bakin kowa har yau: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Wambai, Ƙofar Dumi, Ƙofar Nassarawo, Ƙofar Wase, Ƙofar Inkil, Ƙofar Tirwun. Ganuwar kanta yawancinta ta tafi, ruwan sama ya ci wani ɓangare, masu ɗiban ƙasar gini sun ci wani, gidaje sun hau sauran. Wannan abin takaici ne, amma shi ya sa tafiyar take da amfani. Ku zaɓi ƙofofi biyu da ke maƙwabtaka, ku tashi daga wannan zuwa waccan, ku nemi inda layin ganuwar ya bi. Za ku gane shi da ɗan tudu mai tsawo wanda gidaje suka jeru a kansa, da lungun da ya lanƙwasa ba tare da wani dalili na fili ba, da kududdufan da aka haƙi ƙasa a cikinsu. A kowace ƙofa ka tambayi yaran: wannan hanyar ina ta nufa? Da kansu za su gano cewa ƙofofi da yawa sunan garin da suke fuskanta suka ɗauka.

Daga nan sai ku bi ƙofofin zuwa inda suka nuna. Inkil tana gabas da gari a kan hanyar Gombe, kuma nan Yakubu ya zauna da jama'arsa kafin ya gina Bauchi. Tirwun ma kusa take, ita ce ake dangantawa da haihuwarsa. Yau duk biyun gari ya kusa haɗiye su, da ɗan kuɗin Keke Napep za ku isa. In kun sauka, ku bar titi, ku bi turbar gonaki ta bayan gari. Abin tambaya a irin waɗannan wurare shi ne: me ya sa aka zauna a nan? Ina ruwa yake, ina dutsen da za a fake, ina fadamar da za a yi noma, ta ina maƙiyi zai ɓullo? Yaron da ya tsaya a kan tudu ya amsa waɗannan da idonsa ya fahimci tarihin ƙarni na 19 fiye da wanda ya haddace jerin sarakuna daga Yakubu, wanda ya rasu a 1845, har zuwan Turawa a 1902.

Su kansu duwatsun darasi ne. Waɗanda suka kewaye Bauchi, irin su Warinje da na wajen Gubi, tsofaffi ne ƙwarai, masana sun ƙiyasta shekarunsu da kimanin miliyan 600. A can ƙarƙashin ƙasa suka daskare daga narkakken dutse, daga baya zaizaya ta kwashe abin da ke kansu suka fito fili. Za ku ga iri biyu. Akwai mai santsin baya kamar ƙwarya a kife, wanda fatarsa ke ɓarewa fale-fale kamar ɓawon albasa. Akwai kuma tarin manyan duwatsu, wani a kan wani, har mutum ya rantse da hannu aka ɗora su. Yara kullum sai sun tambaya wa ya jera su. Amsar ita ce dutse ɗaya ne da ya tsattsage tun yana binne, ruwa ya bi tsagogin ya ruɓar da gefe da gefe, ƙasar ta wanke, ƙwallayen suka rage a inda suke. Ka nuna musu tsagar da ta ratsa duwatsu biyu ko uku a layi ɗaya, za su yarda. Akwai ma wani nau'in dutse da ya ci sunan garin nan a littattafan ilimin duwatsu na duniya, bauchite, sunan da Farfesa Oyawoye ya raɗa masa. In an fasa shi sabo, kore ne mai duhu. Ku duba wurin masu fasa dutse, ku roƙe su su nuna muku sabuwar fasa. Dutsen Zaranda kuwa, da ake hangowa a hanyar Jos, bai kai waɗannan tsufa ba, dangin duwatsun Jos ne, waɗanda ake samun kuza a wasunsu.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, wato yadda ake gane kufai. Alama ta farko kuka. In ka hangi kukoki huɗu, biyar, goma a cure wuri ɗaya a tsakiyar gona ko a gindin dutse, ba gida ko ɗaya a kusa, to ka nufi wurin. Mutane ne ke cin 'ya'yanta su zubar da ƙwallon a bola, su ke barin ta saboda miya, su ke ɓare jikinta don igiya. Gari ya tashi, ita ta tsaya. Tsamiya, durumi da ceɗiya su ma sukan yi wannan shaida, haka rimi. In kuma ka ga ƙyarana ta yi layi ko ta yi zobe a gefen dutse, tsohon shinge ne, domin mutanen kan dutse da ita suke katange gidajensu, ƙayarta da ruwanta mai ƙuna ba sa barin mutum ko doki ya ratsa. Ka hana yara taɓa ta, ruwan yana cutar da ido.

In kun isa gindin kukokin, kowa ya sunkuyar da kai. Za ku fara ganin tsingaro. Da farko yaro zai ce fasasshiyar tukunya ce kawai, amma ka sa ya ɗauki guda ya goge da yatsa. Wani yana da zanen da aka yi da murɗaɗɗiyar igiya, aka gangara ta a kan ɗanyen yumɓu, wani da tsinke aka tsaga shi, wani bakin tulu ne mai kauri, wani na kasko. Ƙasar wurin takan fi ta kewaye duhu saboda toka da shara na shekaru, shi ya sa dawar da ke kan kufai take fin ta gefe tsayi. Za ku ga duwatsu a jere sun yi da'ira, gindin ɗaki ke nan, da wasu 'yan ƙanana a cure waɗanda aka ɗora rumbu a kansu don gudun gara da laima. Sai kuma ramukan niƙa a kan falalen dutse. Wata shekara wani dattijo a wani ƙauye yamma da Bauchi ya hau da mu tsohon garinsu. Yana tafe da sanda, ba ya ko haki, mu muna bayansa muna nishi. Da muka kai wani falale sai ya durƙusa, ya share ƙasa da ganye da tafin hannunsa, ramuka suka bayyana, dogaye, kamar an kwantar da akushi cikin dutsen. Ya ce, "Nan kakata ta yi niƙa. 'Ya'yana, ku sa hannu ku ji." Cikinsu sumul kamar cikin ƙwarya. Mun ƙirga goma sha huɗu. Wata yarinya 'yar aji uku ta durƙusa a gaban ɗaya kamar mai niƙa, sai ta ɗago ta ce, "Malam, ai suna kallon juna ne, don su riƙa hira." Ni da na sha zuwa irin waɗannan wurare ban taɓa lura da haka ba. Dattijon ya yi murmushi ya ce haka ne, har waƙa suke yi.

Alama ta gaba kashin maƙera. Baƙi ne, ya fi dutse mai girmansa nauyi, jikinsa ƙofa-ƙofa, wani gefen kamar abin da ya kwarara ya daskare. In ka same shi da yawa wuri ɗaya, an narka tama a nan. Kafin ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, fartanya da gatari da mashi da kibiya duk daga ƙasar nan aka fitar da ƙarfensu. A haƙo tama, a gina murhu na yumɓu, a zuba gawayi, a yi ta zuga har ƙarfen ya rabu da dattinsa. Dattin ne wannan da kake riƙe da shi. Ku duba kusa, kuna iya samun gutsuren bututun yumɓu da aka bi da iska ta cikinsa, bakinsa ya ƙone ya yi ƙyalli. Ka kuma duba ko akwai ƙirya a yankin, don gawayinta maƙera suka fi so har gobe. A cikin Yankari akwai tsofaffin murahun narka tama da suke tsaye har yanzu, amma kashin maƙera kam a gonakin mutane na sha tsintar sa, ba nisa da gari.

Duk abin da kuka ɗauka, ku duba, ku zana, ku ɗauki hoto, ku mayar da shi inda yake. Tsingaro a aljihun yaro tarkace ne, a wurinsa kuwa shaida ne ga mai binciken da zai zo bayanku. Kada ku haƙa ko'ina.

Yara za su tambaye ka me ya kai mutane zama a kan dutse, ga wahalar ɗaukar ruwa. Ka gaya musu gaskiya: tsaro. Ƙarni na 19 a ƙasar nan zamanin yaƙi ne da harin bayi. Dawaki ba sa hawa dutse, kuma daga sama ana hango ƙurar mahara tun suna nesa. Wasu al'ummomin sun yi amana da masarautar Bauchi suna biyan haraji, wasu sun yi ta faɗa da ita, Ningawa kuwa daga duwatsunsu sun daɗe suna kai hari ƙasar Bauchi da ta Kano. Wasu wuraren ma tun kafin jihadi ake zaune a kansu. Da Turawa suka zo, hare-hare suka tsaya, hanyoyi da kasuwanni suka buɗe, hukuma kuma ta fi son mutane a fili inda za ta ƙirga su ta karɓi haraji, sai aka riƙa saukowa, wasu da son ransu, wasu da matsi. Saboda haka ƙauyuka da yawa da kake gani a bakin titi suna da tsohon gari a saman dutsen da ke bayansu. A cikin ɗalibanka akwai jikokin waɗanda suka hau dutse da jikokin waɗanda aka hau saboda tsoronsu, don haka ka faɗi labarin da adalci, ba tare da ka kunyata kowa ba.

Ka kula da sunaye. Jihar Bauchi na cikin wuraren da suka fi yawan harsuna a Najeriya: Gerawa, Gerumawa, Zulawa, Jarawa, Sayawa, Warjawa, Afawa, Miyawa, ga Fulani, ga wasu da dama. Da yawa daga cikin ƙananan harsunan yanzu tsofaffi ne kaɗai ke yin su da kyau, samari sun koma Hausa. Amma sunan dutse, sunan rafi, sunan fadama, sau da yawa yana nan da tsohon harshe. In aka ce maka sunan wuri Dutsen Kura ko Rafin Gora, ka sake tambaya: da harshenku fa, me ake ce masa, kuma me yake nufi? Sau tari amsar takan buɗe labarin da ba ya cikin kowane littafi.

Wannan ya kawo ni ga sharaɗin da ba na sassautawa a kansa. Kada ka hau dutsen kowane ƙauye sai ka fara zuwa gaida mai unguwa ko sarkin garin, in rugar Fulani ce ka nemi jauro ko arɗo. Na koyi wannan da wuya. A farkon aikina na kwashi ɗalibai kusan talatin muka hau wani dutse ba tare da mun yi wa kowa magana ba, muna riƙe da igiyar awo da littattafai. Kafin mu sauko samari sun tare hanya da sanduna. Sun ɗauka an turo mu auna ƙasarsu ne za a ƙwace. Aka kai mu ƙofar gidan mai unguwa, yara sun tsorata, wasu na kuka. Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, gidan da ba naka ba ai da sallama ake shigarsa. Can saman da kuka taka, iyayenmu ne a kwance." Ashe mun ratsa ta tsohuwar maƙabarta ba mu sani ba. Na ba da haƙuri, ya sa aka kawo wa yara ruwa. Mako biyu bayan haka na koma ni kaɗai da goro, ya haɗa ni da ƙanensa, wanda ya nuna mini abubuwan da ko shekara zan yi ina yawo ban gan su ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ka je tun ana sauran kwana biyu ko uku, ka faɗi ko kai wane ne, daga wace makaranta, mutum nawa za ku zo, ka roƙi a ba ka ɗan rakiya, ka kuma tanadi abin da za ka sallame shi da shi, don ya bar aikinsa ne saboda ku.

In ɗan rakiya ya ce nan ba a shiga, ba a shiga, ko da kai ba ka yarda da dalilin ba. Wasu kogwannin da kurmi har yau wuraren al'ada ne. Kada a ratsa gona mai shuka, a bi gefe ko burtali. Kada a ɗauki hoton mata a rafi ko na kowa ba da izini ba. In kun haɗu da garke ku tsaya gefe, ku yi sallama da makiyayi, ya tsawata wa karnukansa.

Bayan kun saba, akwai wuraren da za a ɗan shiga mota sannan a taka. A ƙasar Toro akwai zanen dutse na Geji, inda mutanen zamanin da can suka zana shanu da namun daji da mutane da jan launi a ƙarƙashin wata rumfar dutse. Yana cikin wuraren da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ta ayyana, haka zanen Shadawanka a nan kusa da gari da na Shira can arewa. Irin wannan zane ba a taɓa shi, ba a watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kuma don Allah ka sa ido kada yaro ya rubuta sunansa da gawayi a gefe, na ga inda aka yi haka kuma abin ya yi mini ciwo. A kan hanyar Jos, gindin hawan Panshanu, akwai tarin duwatsun da ake kira Kwandon Kaya, ka nemi dattawan wurin su ba ka labarinsa da bakinsu. Gaba kaɗan a Tilden Fulani akwai alamar farko da Turawa masu haƙar kuza suka kafa. Ta arewa kuma, a Kafin Madaki, akwai gidan Madakin Bauchi wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860, shi ne maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ku shiga ku ɗaga kai ku kalli bakan gizon da ke riƙe da rufin, ƙasa ce da azara kawai, sannan ku fita ku zagaya garin a ƙafa. Dass kuma, da Dutsen Mbula a kanta, sai ka ware mata yini guda, kuma ba da ƙananan yara ba.

In hanya ta kai ka Gombe, ka lura yadda ƙasa ke sauyawa. Duwatsun can yawanci na yashi ne da ya danƙare, shimfiɗa a kan shimfiɗa, kamar Dutsen Bima da ke kallon madatsar Dadin Kowa, kuma ƙasar tana da saurin zaizaya, shi ya sa kwazazzabai suka addabi garin Gombe. A farar ƙasar da ake siminti da ita a Ashaka ana samun ɓawon halittun teku da suka zama dutse, shaidar cewa teku ya taɓa rufe yankin. Kusa da Bajoga akwai Bormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a yaƙi da Turawa ranar 27 ga Yuli, 1903. Fili ne shiru, kuma tafiya a cikinsa tana da nauyi a zuciya. A Tula kuwa za ka ga yadda aka daddatse gefen dutse da jerin duwatsu aka yi gonaki hawa-hawa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen hunturu, wato Nuwamba zuwa Fabrairu. An girbe amfanin gona, ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, ƙasa ta fito fili, tsingaro da gindin ɗakuna suna bayyana. Hazo ne kawai zai rage muku hangen nesa. A bazara, Maris da Afrilu, dutse yakan ɗau zafi tun hantsi, in za ku fita to ƙarfe tara ta same ku a gida. Da damina ƙasar ta fi kyau a ido, amma falalen dutse in ya jiƙe santsi gare shi kamar sabulu, kuma rafin da kuka tsallake da safe yana iya cikowa cikin rabin awa saboda ruwan da aka yi can nesa. Kada ku hau dutse in hadari ya haɗu. Da yara, ka lissafa kilomita biyu a awa, domin tsayawar ita ce aikin. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, hula, takalmi mai rufi da wando mai kauri saboda ƙarangiya, ba silifa ba.

Maganar maciji ba ta wasa ba ce a yankinmu. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, tana son gindin duwatsu da tarin kara, kuma saboda yawan saranta ne aka yi asibiti na musamman a Kaltungo. Dokar da nake ba yara ita ce: kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba. Ba a ɗaga dutse da hannu, ba a zura hannu a rami ko suri. Babba ya wuce gaba da sanda. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a ɓata lokaci wurin mai magani. A cire zobe ko abin hannu, a kwantar da hankalin wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti inda ake da allurar kashe dafi, ko da ya ce ba ya jin komai, don dafin kububuwa jini yake hanawa daskarewa kuma yakan ɗau lokaci kafin ya nuna. Zuma ma tana zama a tsagar duwatsu. In kun ji gunjinta ku ja da baya shiru, kada yaro ya yi jifa.

Game da tsaro, ba zan ɓoye maka ba, zamani ya sauya. Dazuzzukan wajen Lame da Burra da wasu sassan Alkaleri an sha jin labarin masu garkuwa da mutane a cikinsu, kuma hali yana canzawa daga wata zuwa wata. Saboda haka ka tsaya inda ake ganin gonaki da gidaje, inda waya ke da sabis, ka tambayi mai unguwa halin da ake ciki a makon da za ku je, in ya nuna shakka ka fasa. Ka bar wa mutanen gida sunan wurin da lokacin dawowa. In ɗalibai ne, sai da iznin iyaye da na shugaban makaranta, kada su wuce goma sha biyar a fita ɗaya, da manya biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, da malama mace in akwai 'yan mata.

Asabar ta farko, ka ɗauki 'ya'yanka kaɗai ku bi tsakanin ƙofofi biyu na ganuwa. Ta biyu ku je Inkil ko Tirwun. Kafin ta uku, ka buɗe hoton sama na Google Maps a wayarka, ka nemi wani ƙauye a gindin dutse wanda bai wuce rabin awa a mota ba, ka je gaisuwa ranar Laraba ko Alhamis. Kowane yaro ka ba shi ɗan littafi da fensir da aiki guda: wannan ya rubuta sunayen itatuwa, wannan ya zana tsingaro, wannan ya ƙirga taku daga gindin dutse zuwa rijiya ko rafi mafi kusa, don su ji a ƙafarsu abin da matan garin suka riƙa yi kullum da tulu a ka. Wurin da kuka je da hunturu ku sake komawa bayan ruwa ya sauka, za ku ga gawo ya kaɗe ganye lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, ku ga ta inda ruwa ke gangarowa daga dutsen da inda yake taruwa. In kuma Allah ya haɗa ka da dattijon da aka haifa a saman dutsen ko wanda iyayensa suka sauko da shi a goye, ka nemi izninsa ka ɗauki muryarsa a waya yana faɗin sunayen wuraren da harshensu, ka rubuta ranar da sunan ƙauyen, ka kuma kai wa jikokinsa kwafi in ka koma.